Ƙa'idojin Shari'a na Jigilar Abubuwa Masu Tururin Nukiliya: Tushensu, Tsarinsu da Yadda Suke Aiki

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ƙa'idojin da ƙasashen duniya suka amince da su wajen ɗaukar abubuwa masu fitar da tururin nukiliya daga wani wuri zuwa wani, ta mota ko jirgin ƙasa ko na ruwa ko na sama. Ta bibiyi asalin ƙa'idojin tun daga shekarar 1961, da hanyoyin da suke bi su zama doka a cikin ƙasa. Ta nuna cewa ginshiƙinsu shi ne ɗora nauyin kariya a kan ƙunshin da aka zuba kayan, da kuma kan wanda ya aika da su. An kawo misalai daga jigilar yuraniyom ɗin Arlit, da kwashe makamashin na'urar bincike ta Zariya, da wasu haɗurra da suka auku a Bolibiya da Meziko da Ostireliya. Maƙalar ta gano cewa rauni ya fi bayyana a wajen aiwatarwa da tsaro da biyan diyya fiye da a nassin ƙa'idojin.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda aka fi sani da IAEA, mai mazauni a Biyana, ta ƙiyasta cewa ana jigilar abubuwa masu tururin nukiliya kimanin sau miliyan 20 a kowace shekara. Mafi yawansu ba su da alaƙa da tashoshin lantarki na nukiliya ko makamai. Magunguna ne da asibitoci ke amfani da su wajen gano cuta da ƙona sankara, da na'urorin da injiniyoyi ke duba walda da su a bututun mai, da ma'aunan danshin ƙasa da masu aikin hanya ke ɗauka a bayan mota. Ke nan waɗannan kaya suna bin titunan da kowa ke bi, suna shiga jiragen da kowa ke shiga.

Abin da ya bambanta su da fetur ko iskar gas shi ne ido ba ya ganin illarsu, hanci ba ya jin warinta, kuma takan ratsa bangon akwati ta isa ga wanda ke tsaye a gefe. Direba da ɗan dako da jami'in kwastan ba su da hanyar sanin abin da ke gabansu sai ta alamar da aka liƙa da takardar da aka ba su. Wannan ne ya sa doka ta shiga tsakani.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

A wannan maƙala, tururin nukiliya na nufin ƙarfin da ke fita daga ƙwayar zarrar wasu sinadarai yayin da take rugujewa da kanta. Ana auna yawan rugujewar da bekarel, wato rugujewa ɗaya a daƙiƙa guda. Terabekarel kuwa bekarel tiriliyan ɗaya ne. Abin da jikin mutum ya sha daga tururin ana auna shi da sibat, kuma milisibat kashi ɗaya ne cikin dubu na sibat. Mazubi shi ne akwati ko ganga ko tulun da aka zuba kaya. Ƙunshi kuwa mazubi ne tare da abin da ke cikinsa. Kariya na nufin kare mutane daga illar kayan, tsaro kuwa kare kayan daga ɓarayi da masu mugun nufi.

3.0 Asalin Ƙa'idojin da Matsayinsu a Shari'a

A shekarar 1959 Majalisar Tattalin Arziki da Zamantakewa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a ɗora wa IAEA aikin tsara shawarwari kan jigilar waɗannan kaya. Hukumar ta fitar da bugu na farko a 1961, sannan ta riƙa sabunta shi, musamman a 1967 da 1973 da 1985 da 1996. Tun daga 2012 ake kiran kundin da laƙabin SSR-6, aka kuma yi masa gyara a 2018.

Wajibi ne a fahimci cewa wannan kundi da kansa ba ya hawa kan kowace ƙasa. Shawara ce ta ƙwararru, sai an shigar da ita cikin wata yarjejeniya ko dokar ƙasa take zama tilas. Hakan na faruwa ta matakai uku. Da farko ana kwafe nassinsa cikin ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na jigilar kaya masu haɗari, inda aka kasa kayan gida tara, abubuwa masu tururi suka zama aji na 7. Daga nan hukumomin sufuri suke ɗauka: Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta sanya shi cikin kundin IMDG, wanda ya zama tilas daga 1 ga Janairu 2004 a ƙarƙashin yarjejeniyar kare rayuka a teku, Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta sanya shi cikin umarninta na fasaha a ƙarƙashin yarjejeniyar Chicago, a kan titi kuma akwai yarjejeniyar ADR ta 1957, wadda ta faro a Turai, aka cire kalmar Turai daga sunanta a 2021, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 2018.

Mataki na uku shi ne dokar cikin gida. A Nijeriya dokar 1995 ta kariya daga nukiliya ce ta kafa hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ta kuma fitar da ƙa'idojin jigila a 2006. Gana ta kafa tata hukumar bisa doka mai lamba 895 ta 2015. Nijar ta yi dokar kafa hukumar ARSN a 2016. A Amurka aikin ya rabu tsakanin hukumar NRC da ma'aikatar sufuri. Sakamakon wannan tsari shi ne, teku da sararin sama suna da doka guda da ta game kusan duniya, amma titi ya dogara ga abin da kowace ƙasa ta rubuta da kuma ƙarfin hukumarta.

4.0 Ƙunshi a Matsayin Ginshiƙin Kariya

Waɗanda suka tsara ƙa'idojin sun ɗauka tun farko cewa haɗari zai auku. Mota za ta kife, jirgi zai nitse, ɗan dako zai yar da akwati. Don haka ba su jingina lafiyar jama'a ga ƙwarewar direba ko kyawun hanya ba, sai suka jingina ta ga ƙunshin. Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. A nan ma ana gama aikin kariya tun a masana'antar ƙera mazubi. Abubuwa huɗu ake nema daga ƙunshi: ya hana kayan zubewa, ya rage tururin da ke fita waje, ya hana sinadarai irin su tataccen yuraniyom kama sarƙar fashewar zarra, ya kuma hana ɓarnar zafin da kayan ke fitarwa.

Ƙarfin da ake nema daga mazubi yana tafiya ne daidai da girman haɗarin abin da ke cikinsa. Akwai ƙunshin da aka sassauta wa sharuɗɗa domin abin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, kamar na'urar gano hayaƙi. Akwai ƙunshin masana'antu, mai mataki uku, na kayan da tururinsu ya watsu cikin abu mai yawa, irin su garin yuraniyom. Sai kuma nau'in A da B da C.

Iyakar da ke tsakanin A da B wasu alƙaluma ne guda biyu da aka ware wa kowane sinadari, A1 idan an rufe shi cikin ƙwanso da ba ya fashewa, A2 idan yana iya watsuwa. Na kobal-60 terabekarel 0.4 ne a duka biyun. Na siziyom-137 kuwa 2 ne da 0.6. An ƙididdige su ne ta yadda ko ƙunshin ya tarwatse a haɗari, wanda ke kusa ba zai sha abin da zai yi masa mummunar illa ba. Saboda haka nau'in A ana gwada shi ne da wahalhalun tafiya na yau da kullum: a fesa masa ruwa kamar mamakon sama na awa ɗaya, a sake shi daga tsayin mita 1.2 in bai kai kilo 5000 ba, a danne shi da nauyin da ya ninka nasa sau biyar na awa 24, a kuma sako masa sandar ƙarfe mai kilo 6 daga tsayin mita ɗaya.

Duk abin da ya haura waɗannan alƙaluma sai nau'in B, wanda dole ya tsira daga mummunan haɗari. Ana sake shi daga tsayin mita 9 a kan daɓen da ba ya lotsawa, a sake shi daga mita ɗaya a kan turken ƙarfe mai faɗin santimita 15, a jefa shi cikin wutar da zafinta ya kai digiri 800 na minti 30, a nutsar da shi cikin ruwa mai zurfin mita 15 na awa takwas. Ba a amfani da shi sai hukumar ƙasa ta duba ƙirarsa ta ba da takardar shaida. Nau'in C an shigo da shi a bugun 1996 domin manyan kaya da za a ɗauka ta sama. Gwajinsa ya haɗa da karo da gudun mita 90 a daƙiƙa, da wuta ta awa guda.

5.0 Alamomi, Takardu da Rabon Alhaki

Bayan an rufe ƙunshi, sai a auna tururin da ke fita daga jikinsa, da kuma wanda ake samu a tazarar mita ɗaya. Awon na biyu, in an ninka shi sau ɗari, shi ne ake kira ma'aunin jigila. Da waɗannan biyu ake zaɓen tambarin da za a liƙa. Farin tambari mai lamba I na ƙunshin da tururin jikinsa bai wuce milisibat 0.005 a awa ba ne. Rawaya mai lamba II ya tsaya a 0.5, ma'aunin jigilarsa kuma bai wuce 1 ba. Rawaya mai lamba III ya tsaya a 2, ma'auninsa bai wuce 10 ba. Abin da ya fi haka sai a motar da aka keɓe wa mai aikawa shi kaɗai, kuma ko a nan ba a yarda ya haura milisibat 10 a awa ba. Ita motar, tururi a jikinta kada ya wuce 2, a tazarar mita biyu kuma kada ya wuce 0.1. Amfanin ma'aunin jigila shi ne ya ba ma'aikacin da bai karanci kimiyya ba lamba guda da zai tara, ya san ƙunshi nawa zai jera wuri ɗaya, da nisan da zai bari tsakaninsu da mazaunin mutane.

Mafi nauyin alhaki yana wuyan mai aikawa. Shi zai tantance ajin kayan, ya zaɓi mazubin da ya dace, ya liƙa tambari da lambar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya cika takardar jigila ya sa hannu cewa abin da ya rubuta gaskiya ne, ya kuma ba mai ɗauka umarnin abin yi in haɗari ya auku. Mai ɗauka aikinsa ɗaure kaya da kyau, da raba su da mutane, da sanya alluna a jikin mota, da horar da ma'aikata. Ma'aikacin da ake tsammanin zai sha fiye da milisibat 6 a shekara dole a riƙa auna shi shi kaɗai. Hukumar ƙasa kuwa ita ke ba da lasisi, ta yi bincike, ta hukunta wanda ya saɓa.

6.0 Misalai Biyu daga Afirka ta Yamma

6.1 Yuraniyom ɗin Arlit

Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978 har zuwa rufe shi a Maris 2021. Shekaru da dama garin da ake tacewa a can yana bin hanya guda: a zuba shi cikin gangunan ƙarfe, manyan motoci su ɗauko shi ta Agadas da Tawa da Doso da Gaya, su tsallaka kogin Kwara zuwa Malanbil, su isa Paraku bayan tafiyar kimanin kilomita 1600. Daga nan a ƙarasa kimanin kilomita 400 zuwa tashar ruwan Kwatano, jirgi ya kai shi Faransa, inda ake sarrafa shi a Malvési kusa da Narbon.

A ƙa'ida wannan gari yana cikin rukunin kaya masu raunin tururi na mataki na farko, lambarsa UN 2912, kuma ƙunshin masana'antu mafi sauƙi ya wadatar masa. Tururin da ke ratsa gangar ba shi da yawa. Haɗarinsa yana ga shaƙar ƙurarsa ko haɗiye ta, domin yuraniyom ƙarfe ne mai nauyi da ke cutar da ƙoda. Tunda ba a ƙera gangar don ta jure kifewar mota ba, kariyar ƙauyukan da ke bakin hanya ta rataya ne a kan shirin gaggawa: wa zai killace wurin, wa zai kwashe ƙasar da ta gurɓata, wa zai gargaɗi jama'a kada su ɗiba. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 iyakar Nijar da Benin ta rufe, fitar da garin ta wannan hanya ya tsaya, ya taru a ma'adanar. Duk wata sabuwar hanya da za a bi tana buƙatar yardar kowace ƙasa da za a ratsa, da tashar ruwan da ke da izinin karɓar kaya na aji 7, da kamfanin jirgin da ya amince ya ɗauka.

6.2 Makamashin na'urar Zariya

Misali na biyu yana ɗaya ƙarshen ma'aunin. Na'urar bincike ta NIRR-1 da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a 2004 da kimanin kilo ɗaya na yuraniyom da aka tace fiye da kashi 90 cikin ɗari. A 2018 aka musanya shi da mai ƙarancin tacewa, aka kuma mayar da tsohon zuwa ƙasar Sin a watan Disamba ta jirgin sama daga Kaduna, cikin ƙunshi nau'in C. Gana ta riga ta yi irin wannan aiki a 2017 da na'urarta da ke kusa da Akara. Kilo guda ya buƙaci mazubi mai nauyin tan da dama da amincewar hukumomin ƙasashe daban-daban, alhali tan-tan na garin Arlit ganga ta ishe su.

7.0 Wuraren da Tsarin ke da Rauni

A Afrilu 2002 aka ɗora na'urar duba walda mai iridiyom-192 a cikin motar fasinja daga Kochabamba zuwa La Paz a Bolibiya, alhali ƙwayar tana waje da garkuwarta ba tare da ma'aikatan sun sani ba. Fasinjoji suka yi ta shan tururi tsawon tafiyar. Awo guda kafin lodi, wanda ƙa'ida ta wajabta, da ya bayyana matsalar. A Janairu 2023 kuma wani ƙwanso na siziyom-137, mai milimita 6 da 8, ya faɗo daga mota a hanyar kilomita 1400 tsakanin wata ma'adana kusa da Newman da birnin Perth a Ostireliya. An gano shi ranar 1 ga Fabrairu, sai aka lura cewa tarar da dokar jihar ta tanada ba ta wuce dalar ƙasar dubu ɗaya ba.

Ta fuskar tsaro, a Disamba 2013 'yan fashi suka ƙwace motar da ke ɗauke da kobal-60 na wani asibitin Tijuwana yayin da direba ya tsaya hutawa a gidan mai a tsakiyar Meziko. Bayan kwanaki aka tsinci ƙwayar a gona, an fitar da ita daga garkuwarta. Kundin SSR-6 bai tanadi maganin sata ba. Wannan aikin wasu dokoki ne. Yarjejeniyar kare kayan nukiliya da ta fara aiki a 1987, aka faɗaɗa ta da gyaran da ya soma aiki a 2016, ta wajabta tsaron kayan yayin jigila tsakanin ƙasashe, har ta buƙaci sanarwa tun kafin tashi ga yuraniyom da ya wuce kilo 500. Ƙwayoyin asibiti da na masana'antu kuwa suna ƙarƙashin ƙa'idar ɗa'a ta 2004 ne, wadda alƙawari ce na siyasa kawai.

Batun diyya ma yana da giɓi. Yarjejeniyar Biyana ta 1963, wadda Nijar da Nijeriya da Kamaru suke cikinta, ta ɗora diyya a kan mai gudanar da cibiyar nukiliya ko da ba a tabbatar da sakacinsa ba. Sai dai ma'anar da ta ba kayan nukiliya ta fitar da yuraniyom da ba a ƙara wa ƙarfi ba, ta kuma fitar da ƙwayoyin da aka gama sarrafawa don asibiti ko masana'anta. Ke nan kayan da suka fi yawo a titunan Afirka ta Yamma su ne yarjejeniyar ba ta rufe ba, kuma manomin da aka gurɓata wa gona sai ya nemi haƙƙinsa ta dokar ɓarna ta ƙasarsa.

Akwai kuma matsalar da ta fito daga tsoro. Kamfanonin jirage da tashoshin ruwa sukan ƙi karɓar ƙunshin da ya cika kowane sharaɗi, har IAEA ta kafa kwamiti kan lamarin a 2006. Molibdenom-99 da ake samar da sinadarin ɗaukar hoton cikin jiki daga gare shi rabin ƙarfinsa na tafiya cikin awa 66. Jinkirin kwana uku a filin jirgi ya isa ya sa asibiti ya sallami marasa lafiyar da ya ba rana.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙa'idojin jigilar abubuwa masu tururin nukiliya sun ginu a kan daidaita ƙarfin ƙunshi da girman haɗari, da ɗora alhaki a kan mai aikawa. Haɗurran da aka kawo sun faru ne inda aka bar awo, ko aka yi sakaci da tsaro, ko hukunci ya gaza tsoratarwa. Ga ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, abubuwa uku ne suka fi gaggawa: daidaita dokokin titi tsakanin maƙwabta, tanadin diyya ga kayan da yarjejeniyar Biyana ta bari, da horar da jami'an kan iyaka da 'yan kwana-kwana. A nan masana Hausa suna da nasu aikin, domin yawancin direbobi da 'yan dako da mazauna hanyar da ta taso daga Arlit zuwa Gaya da Hausa suke mu'amala, alhali takardun gargaɗi da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta su. Samar da daidaitattun kalmomi da fassarar umarnin gaggawa aiki ne da ya kamata sassan nazarin harshe da hukumomin nukiliya su yi tare.